KIYAYE IDONKA A LOKACIN KAKA

Jawabin malamin gona ga taron manoma kafin a shiga girbi

Allah ya sa mu girbe abin da muka shuka lafiya.

Yau maganar ido na zo da ita. Na san wani zai ce a ransa, me ya haɗa malamin gona da ido, shi da ba likita ba? Gaskiya ne, abin da na karanta a kwalejin aikin gona shi ne ƙasa da tsiro da dabba. Amma likita yana asibiti ne, sai ido ya riga ya lalace a ke kai masa. Ni kuwa ina cikin gona tare da ku ranar da abin ya ke faruwa, kuma na taɓa gani ya faru a gabana ban yi abin da ya kamata ba.

Kaka biyu da suka wuce, a wani ƙauye cikin waɗanda na ke zagayawa, wani magidanci yana yankan dawa sai ganye ya share shi a idon dama. Ya murza da bayan hannu, ya ci gaba da aikinsa. Kashegari na same shi a bakin gona ya ɗaure idon da tsumma. Na tambaye shi, ya ce ai ɗan haki ne. Na ce Allah ya sawwaƙe, na wuce wajen awon fulotin gwaji, domin shi ne a gabana ran nan. A gida aka ɗiga masa ruwan sukari. Rana ta uku ya aika kemis aka sayo masa maganin ɗigawa, jan idon ya ragu, ya ce ya warke. Da na komo bayan mako biyu, baƙin idon nan ya zama fari fat, mutumin ko barci ba ya iyawa don zogi. Sai da ya sayar da buhu huɗu na dawar da ya ke girbi kafin ya kai asibitin ido a birni, a can kuwa aka ce masa ba abin da ya saura sai a ceci ƙwayar kada ta fashe. Har yau da ido ɗaya ya ke noma. Da na san abin da na sani yanzu, da na ɗora shi bayan babur ɗina tun ranar da na gan shi da tsumma. Iyayenmu sun ce hakin da ka raina shi kan tsone maka ido. Mu manoma, a kanmu maganar ta ke zahiri.

Daga nan na shiga tambayar ma'aikatan ido da karanta abin da aka bincika, shi ne na kawo muku.

YADDA ƊAN HAKI KE KASHE IDO

A gaban baƙin ido akwai wani tantani garau, kamar gilashin da ke kan agogon hannu. Kaurinsa bai wuce rabin milimita ba sai kaɗan. Ta cikinsa haske ke shiga. Muddin yana lafiya, ƙwayoyin cuta ba su cika samun hanyar shiga ba, domin yana da fata a bisansa, hawaye kuma na wanke shi kullum. Amma in ganyen dawa, ko tsinin kara, ko ƙaiƙayin gero, ko ɓuntun shinkafa ya karce fatar nan, ƙofa ta buɗe. Yawancin irin wannan karcewa kan warke da kanta cikin kwana ɗaya zuwa uku. Wadda cuta ta shiga kuwa sai ta zama gyambo, gyambon ya yi ta cin tantanin yana nutsawa. In an yi sa'a ya warke, sai ya bar farin tabo, watau hakiya, mutum ya riƙa gani dishi-dishi ko ya daina gani sam. In ba a yi sa'a ba, tantanin ya huje, ruwan ido ya tsiyaye.

Abin da ya sa raunin gona ya fi na cikin gari haɗari shi ne abin da ke manne jikin tsiron. Kun san funfunar nan da ke kama masara da gyaɗa in an ajiye su da danshi, wadda kullum na ke yi muku faɗa a kanta saboda gubar da ta ke sa wa hatsi. Masana suna kiran ɗayarta Asfajilus, wata kuma Fusariyum, ita ce mai ruɓar da goyon masara da zangarniya. To, waɗannan biyu su ne kan gaba cikin masu cin idon manoma a ƙasashe masu zafi. Ƙurarsu tana nan a kan ganye da kara da ƙaiƙayi, ganyen da ya karce ka shi ne ya dasa maka ita a cikin raunin. Wani lissafi da aka fitar a 2021 ya nuna cewa ido fiye da miliyan ɗaya ke kamuwa da gyambon funfuna kowace shekara a duniya, mafi yawa a Asiya da Afirka, kuma matasa da magidanta masu aikin gona su ne suka fi yawa a ciki.

Gyambon funfuna yana da mugun hali ɗaya, ba ya gaggawa. Kwanakin farko zafin ba shi da yawa, mutum ya yi ta aikinsa. Ga shi kuma maganin ido na yau da kullum, wanda ke kashe sauran ƙwayoyin cuta, ba ya taɓa funfuna.

AWA GOMA SHA TAKWAS

Yanzu bari in ba ku labarin wani bincike da ya fi kowane tsaya mini a rai. An yi shi a ƙasar Nepal, maƙwabciyar Indiya, a wani yanki na manoma da a ke kira Bhaktapur, aka fitar da sakamakonsa a 2001. An sanar da mutanen yankin cewa duk wanda wani abu ya tsone wa ido ya garzayo wurin ma'aikacin lafiya. Aka sami mutum 442 da tantanin idonsu ya karce, amma cuta ba ta riga ta kama ba. Aka ba kowannensu man ido na kuloramfenikol, irin na ɗan bututu, ya riƙa sawa sau uku a rana har kwana uku. Mutum 424 suka warke sarai, 18 suka yi gyambo.

Ku dubi su wane ne sha takwas ɗin nan. Cikin mutum 284 da suka zo kafin awa 18 ta cika, ko ɗaya bai yi gyambo ba. Cikin 109 da suka zo tsakanin awa 18 da 24, huɗu suka yi. Cikin 49 da suka bari sai tsakanin kwana ɗaya da kwana biyu, 14 suka yi, watau fiye da ɗaya cikin kowane huɗu. Magani ɗaya ne aka ba su duka, lokacin zuwa ne ya bambanta. In abu ya tsone ka da hantsi kana yankan dawa, awa 18 ta cika kafin kiran asalatu. Ma'anarsa, ranar da abin ya faru, ranar za a nemi magani. Kada a ce sai an gama ɗaure dami, ko sai ranar kasuwa.

Sai dai in gaya muku gaskiya dukanta. Ku da kuka yi gonar gwaji tare da ni kun san kullum mukan bar fuloti ɗaya ba taki, don mu san abin da takin ya ƙara. A binciken can ba a bar fulotin kwatanci ba, kowa aka ba magani, kuma da yawansu da ma za su warke ko ba magani. Saboda haka aka sake wani gwaji mafi girma a Nepal ɗin. Aka koya wa matan da ke aikin lafiya na sa kai a wasu ƙauyuka su duba ido su ba da man, aka bar wasu ƙauyuka yadda su ke. Da sakamakon ya fito a 2022, yawan gyambon ido a ɓangarorin biyu bai bambanta ba. A ganina darasin shi ne, ajiye bututun magani a ƙauye kaɗai ba ya raba mu da wannan masifa. Tilas mai rauni ya zo da wuri, a duba shi da kyau, a sake duba shi, kuma a tura shi gaba da zarar an ga abin ya fi ƙarfin ƙauye.

YADDA A KE DUBAWA

Da yawa cikinmu suna tsoron asibitin ido, wai za a ƙwaƙule. Bari in gaya muku abin da a ke yi. Da farko za a gwada ganinka da allon haruffa ko yatsu, ido ɗaya bayan ɗaya. Sa'an nan akwai wata 'yar takarda siririya mai launin ruwan lemo a bakinta, a kan jiƙa ta a taɓa cikin fatar ido ta ƙasa. Ba zafi. In aka haska da tocila mai shuɗin haske, duk inda tantanin ya karce sai ya fito kore shar, ko da ido bai iya ganinsa da. A kan kuma juya fatar ido ta sama, domin sau da yawa ɓuntu ko ƙwayar yashi a nan ta ke maƙalewa, tana karce ido duk ƙiftawa. Wannan duka bai kai minti biyar ba.

In gyambo ya riga ya kama, aiki ya ƙaru, domin dole a san ko funfuna ce ko sauran ƙwayoyin cuta, tun da maganinsu daban ne. Likitoci suna da alamu: gyambon funfuna yakan yi tudu, bushe-bushe, bakinsa ba a daidai ba, kamar gashin tsuntsu. Amma alamun suna ruɗi. A 2012 an fitar da wani gwaji inda aka nuna wa ƙwararrun likitocin tantanin ido hotunan gyambuna aka ce su faɗi wanne ne wanne. Sau biyu cikin uku kawai suka dace. To in ƙwararre da madubinsa yana kuskure sau ɗaya cikin uku, ina ga yaron kemis da ko idon bai gani ba, ɗan aike aka tura masa? Shi ya sa a babban asibiti a kan ɗiga maganin kashe zafi, a ɗan kankaro bakin gyambon, a duba a madubin ƙara girma. In funfuna ce za a ga zarenta kamar saiwa.

Ka gaya wa likita abin da ya tsone ka, da ranar, da duk abin da aka sa maka a idon, ko na gida ko na kemis. Ka tafi da kwalbar. Kada kunya ta sa ka ɓoye. Jin cewa ganye ne ko ƙaiƙayi kaɗai ya isa ya sa likita ya fara zargin funfuna.

ABIN DA BA A SA WA IDO

Iyayena, a nan zan yi magana da ladabi, amma ba zan rage ba. Ruwan sukari, nonon mace, ruwan albasa, ruwan ganyen da aka daka, fitsari, kananzir, ruwan batir, duk na ji an sa, wasu na gani da idona. Idon da ke da rauni ƙofa ce a buɗe. Ruwan ganye yana ɗauke da funfunar da mu ke gudu. Fitsari yana iya kai ciwon sanyi cikin ido, shi kuwa yakan huda tantani cikin 'yan kwanaki. Ruwan batir ƙonewa ne tsantsa. A Tanzaniya, a wani rahoto na 1994, kusan ɗaya cikin huɗu na masu gyambon ido da aka duba a asibiti an riga an sa musu maganin gargajiya. Haka kuma al'adar nan ta sa harshe a lashe haki daga idon wani, ko a hura masa da baki, ko a tsokano da tsinke ko bakin riga, a bar ta. Kwalli ma a dakata da shi har ido ya warke, kuma kada a yi tarayyar maciyin kwalli da mai ciwon ido.

Sa'an nan maganin kemis. Akwai wani jinsin maganin ɗigawa da a ke kira sitiroyid, za ku ga an rubuta sunaye irin su dexamethasone ko betamethasone ko prednisolone a jikin kwalin, wani lokaci a haɗe da wani magani. Aikinsa kwantar da ja da kumburi, shi ya sa mai saye ke yabonsa. Amma yana kwantar da su ne ta hanyar ɗaure hannun jiki, ya hana shi faɗa da cuta. A kan gyambon funfuna, taki ne ka zuba wa ciyawa. Shi aka sayo wa mutumin da na ba ku labari. Maganin yana da amfaninsa a hannun likitan ido wanda ya duba ya tabbatar, amma ba abin aike ba ne. Ko ba rauni, yawan ɗiga shi wata da watanni yana ta da ƙarfin ruwan cikin ido, ya kashe jijiyar gani a hankali.

MAGANIN DA AKA GWADA

Gyambon funfuna yana da magani. A kudancin Indiya, a asibitocin ido na Aravind, an yi gwaji a kan mutum 323 masu wannan ciwo. Aka raba su biyu da ƙuri'a, rabi aka ba su tsohon magani mai suna natamisin, rabi aka ba su sabo mai suna borikonazol, wanda mutane da yawa suka zaci zai fi. Sakamakon da ya fito a 2013 ya nuna tsohon ne ya fi. Bayan wata uku masu natamisin sun fi gani, kuma waɗanda idonsu ya huje ko ya bukaci babban aiki sun fi ƙaranci a cikinsu, musamman in Fusariyum ce. Har sai da aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa, don kada a ci gaba da ba mutane wanda ya gaza. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa natamisin cikin jerin magungunan da ya wajaba kowace ƙasa ta tanada. Matsalarsa a wajenmu, ba ko'ina a ke samunsa ba, kuma yana da tsada. Don haka aka gwada wani mai araha, kuloheksidin da aka tsarma ƙwarai, a kan mutum 354 a Nepal. A 2022 aka ga natamisin ya sake yin gaba, shi wancan sai inda babu natamisin.

A nan akwai gargaɗi ga iyaye mata. Kuloheksidin ɗin da a ke ba ku don cibiyar jariri ya fi wannan ƙarfi nesa ba kusa ba. An sha kuskuren ɗiga shi a idon jarirai, har a ƙasar nan, wasu suka makance. Na cibiya, cibiya kaɗai.

In an ba ka maganin gyambo, ka sani jinya ce mai wuya. Kwanakin farko kowace awa a ke ɗigawa, wani lokaci har da dare, kuma yakan ɗauki makonni. Kada ka daina don zafi ya ragu, kada ka ɗaure idon da tsumma, domin ɗumi da duhu su funfuna ke so. Ka koma ranar da aka ce ka koma. Na san lokacin kaka ne, kowa na bukatar hannu. 'Yan'uwa da ƙungiya su taimaka da gayya su kwashe masa amfanin gonarsa, ya samu ya yi jinya.

IN RUWA MAI GUBA YA SHIGA IDO

Wannan hukuncinsa daban ne, ba a jira a kai asibiti kafin a fara. Maganin feshi na ƙwari ko na ciyawa, garin takin zamani, farar ƙasa, siminti, toka, duk ɗaya ne: ruwa, nan take, mai yawa. Ka kwantar da mutumin, ka karkata kansa ta gefen idon da ya samu don kada ruwan ya gangara cikin mai lafiya, ka buɗe fatar idon da yatsu ko yana ihu, ka yi ta tsiyaya ruwa mai tsabta da buta. A ƙalla minti ashirin, in farar ƙasa ce ko siminti ko toka a kai rabin awa, domin su sun fi cin ido. Minti ashirin yana da tsawo, buta ɗaya ba ta isa ba, sai an yi ta cikowa. Bayan nan a tafi asibiti da galan ko kwalin maganin, don a karanta abin da ke ciki. Yawancin wannan haɗari wajen haɗa magani ya ke faruwa, lokacin da a ke tsiyaya shi tsantsarsa, ko kuma in bakin famfon feshi ya toshe mutum ya ɗaga shi saitin fuska yana hurawa. Ku riƙa zuwa gona da jarkar ruwa ta musamman ranar feshi, wadda ba a taɓa ta don haɗi.

Haka za a yi wa ƙaron tumfafiya da na tinya da na aguwar da mu ke shinge da ita. Na tumfafiya ma yana da yaudara, sau da yawa ba ya zafi sosai, sai dai gani ya dushe bayan 'yan awoyi. Wanke hannu bayan saran su, kafin a taɓa fuska.

Haka kuma macijin nan mai tsartuwa, wanda wasu ke kira kumurci wasu gamsheƙa, mai son kwanciya ƙarƙashin tarin kara da cikin rumbu da akurkin kaji. A 1976 wasu likitoci da ke aiki a Zariya sun rubuta rahoto a kan mutanen da ya tofa wa dafi a ido. Wasu jan ido kawai suka yi, wasu suka yi gyambo, har da waɗanda suka rasa gani. Ruwa mai yawa nan take, sa'an nan asibiti a duba da 'yar takardar nan, domin dafin yana saɓule fatar tantanin kamar yadda ganye ke yi.

IN ABU YA HUDA IDO

Ƙahon sa, ƙayar bagaruwa, bulalar da ta dawo wajen korar shanun huɗa, dutsen majajjawa ko na danƙon yara masu korar tsuntsu a fadamar shinkafa, ɓarɓashin ƙarfe wajen wasa lauje da fartanya a dutsen inji. In ka ga baƙin ido ya canja siffa, ko jini ya taru a cikinsa, ko wani abu baƙi ya leƙo, ko abu ya kafe a ciki, to kada a wanke, kada a sa man ido, kada a danna, kada a zare abin da ya kafe. A yanke gindin kofin roba mai tsabta a kifa bisa idon yadda zai zauna a kan ƙashi bai taɓa ƙwayar ba, a manne da filasta. Kada a ba shi abinci, don wataƙila a yi masa aiki da allurar barci. A nufi asibitin da ke da likitan ido a ranar. Ƙaramin ɓarɓashin ƙarfe yana iya shigewa ciki ba a ga ƙofarsa ba, saboda haka duk wanda abu ya fallatsa masa wajen dukan ƙarfe da ƙarfe a duba shi ko ya ce ba ya jin komai. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano, akwai sashen ido a asibitin koyarwa na Shika, manyan asibitocin jihohi da yawa kuma suna da nasu.

RIGAKAFI

Tabarau na roba mai rufe gefe, irin na masu walda amma fari, kuɗinsa bai kai na mudu kaɗan na dawa ba. A sa shi wajen yankan dawa da masara, da sussuka, da aiki a bakin injin casa ko na niƙa, da wasa ƙarfe, da haɗa maganin feshi. Na san uzurin, wai yana gumi, wai samari za su yi dariya. Ni ma na ji nauyinsa da farko, yanzu yana cikin jakata tare da tef ɗin awo. Iyayenmu mata masu shiƙa, a ba iska baya, kuma a kawar da yara daga inda ƙaiƙayi ke sauka. Goyon da ke baya ma ido gare shi. Wajen yankan kara a bar tazara tsakanin mutum da mutum, domin sau da yawa karan na gaba ne ke dawowa ya sami na baya. Wanda ido ɗaya ya rage masa kuwa, shi tabarau wajibi ne a kansa kowane aiki.

Sauran cututtukan ido zan taɓa biyu a gurguje. Masu noma kusa da rafi mai gudu kun san ɗan baƙin ƙudan nan mai cizo, mai kawo ƙaiƙayin jiki da makanta, wanda ya sa a da aka tashi daga fadamu masu albarka. A ƙauyukan Jihar Kaduna aka yi ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen ƙwayar Mectizan, ƙarƙashin Farfesa Adenike Abiose, kuma a 1993 aka nuna cewa shan ta sau ɗaya a shekara yana rage lalacewar jijiyar gani. Kamfanin da ke yin ta kyauta ya ke bayarwa tun 1987. A Filato da Nasarawa har an daina rabo don cutar ta daina yaɗuwa, Jamhuriyar Nijar kuwa a watan Janairu na 2025 aka tabbatar ta rabu da ita, ita ce ta farko a Afirka. Inda a ke rabo har yanzu, in mai sandar awo ya zo, a tsaya a sha.

Na biyu yanar ido ta tsofaffi. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya gano ita ce babbar mai makantar da mutanen da suka kai shekara 40, kuma cikin idanun da masu yawo gari-gari suka tura wa yanar ciki da tsinke, kusan kashi uku cikin huɗu makafi ne. A asibiti cire ta a ke yi a sa wani ɗan gilashi a madadinta. A kai tsofaffinmu can.

Kafin mu tashi, ina roƙon Sarkin Noma da shugaban ƙungiya abu biyu. A sayo tabarau da kuɗin ƙungiya a haɗe, ya fi araha, a ajiye wasu wurin mai injin casa. Sa'an nan a sa mutum ɗaya mai babur wanda kowa ya san shi ne zai kai mai raunin ido ɗakin shan magani a ranar, a biya shi mai daga asusu, har a gama girbi. Na riga na yi magana da malamin asibiti, ya ce in an kawo da dare ma a buga masa ƙofa. Wanda idonsa bai yi sauƙi ba bayan kwana ɗaya da fara magani, ko aka ga ɗigon fari a kan baƙin, ko gani ya ragu, zai rubuta masa takarda zuwa asibitin ido. Mai tambaya ya ɗaga hannu, sa'an nan mu koma maganar buhunan ajiya.